Katakon Ƙarƙashin Totur

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya sa ciwon nan kaffara ne, ya ba Inna ƙarfin jinya. Na ji an ce yanzu yana iya zama a kujera har hantsi, har ya soma faɗan an kawo masa shayi da sanyi. Wannan ya faranta mini rai, domin ranar da Baba ya daina faɗa, ranar ce zan tsorata. Ni ma lafiya lau, in ban da bayan nan nawa da ya gaji da kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Na zaɓi in rubuto ne saboda in na kira ka a waya, daga gaisuwa sai ka hau tambayar yaushe zan zo, ni kuma sai mu yi sallama ban faɗi abin da ke raina ba.

Na ga bidiyon da ka turo na Shuɗiya, motar Baba, bayan Dogo bakanike ya sauke injinta ya sake ɗaura shi. Na kalla ya fi sau ashirin. In an tashi hutun rana, nakan shige wata motar da aka kawo gyara, in ɗage gilashi, in kara wayar a kunne, in lumshe ido. Sai garejin nan ya ɓace mini, da ƙarar guduma da rediyon maigidana duka. Sai in gan ni a tsakar gidanmu, rana tana ɗigowa kan bonet ta tsakanin ganyen bishiya, Inna tana shanya, ƙamshin sabon baƙin mai yana tashi. Ka gaya wa Dogo aikinsa ya yi kyau. Ban so yabonsa ba, ka san tun muna yara jininmu bai haɗu ba, amma injin nan numfashinsa daidai yake, babu inda yake ƙwanƙwasawa.

Abin da ya dame ni shi ne maganarka ta ƙarshen bidiyon. Ka ce sati uku ke nan kullum da safe kana tayar da ita, ka bar ta tana aiki a tsaye awa guda, wai don injin ya yi laushi. Ka ce ba za ta taka titi ba sai na dawo na ja ta da hannuna. Ka kuma ce Baba yakan sa a matso masa da kujera bakin taga ya saurare ta, yana tambayar yaushe za a kai shi wajen yayarsa, Gwaggo, wadda rabonsa da ita shekara uku.

Auta, ka daina. Lallashin nan da kake yi mata kashe ta yake yi. Dogo ya yi gaskiya da ya ce a bar ta ta ɗumama ranar farko a duba ko akwai yoyo, amma ranar farko yake nufi, ba sati uku ba. Sabon inji yana da zobba a jikin fistin, kuma ba sa zama daram a mazauninsu sai motar ta ɗauki nauyi ta yi tafiya, sun gogu da bangon ramin da fistin yake hawa da sauka a ciki har sun saba da shi. In ka bar ta a tsaye, bangon sai ya yi santsi kamar gilashi tun zobban ba su kama ba. Daga nan sai shan mai da shuɗin hayaƙi har ƙarshen ranta, sai dai a sake sauke inji. Na sha ganin haka a nan, kuma kullum masu motar mutane ne masu tausayi.

Na san abin da kake tsoro, domin ni na dasa maka shi. Kana ƙarami lokacin, amma ba ka rasa jin labari ba. Shekara goma sha bakwai ke nan Baba ya sauke injin nan da hannunsa, wata guda yana kai, kowane noti a cikin nasa gwangwanin. Da ya gama, sai ya fafe wani ɗan katako ya ɗaure shi da waya a ƙarƙashin totur, yadda ko ƙafa ta so ta danna har ƙasa ba za ta iya ba. Ya ce mini katakon zai zauna har motar ta ci kilomita dubu. Kwana huɗu na iya daurewa. A na biyar, abokaina suka yi ta yi mini dariya wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, na tsaya na kwance katakon na jefa a aljihu. Har yau ina tuna daɗin iskar. Kafin mu kai gada allurar zafi ta haye, injin ya buga ya kame.

Da Baba ya iso, ya buɗe bonet, ya daɗe a sunkuye. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya leƙa wajen totur, ya tambaye ni ina katakonsa. Na ce ban sani ba, alhali yana cikin aljihuna yana tokare mini cinya. Daga ranar bai sake miƙo mini makulli ba, bai kuma sake tayar da zancen ba. Ba zan ɓoye maka ba, shirun nan ya yi mini yawa. Da ya mare ni da tuni an wuce wurin, wataƙila ma da ban baro gida ba. Na daɗe ina jin haushinsa, har yanzu ma da saura. Amma laifin nawa ne, har da ƙaryar da na ɗora a kai. Mutanen garejin nan suna yabona wai ba su da mai haƙuri da sabon inji kamata. Ba su san wa ya biya kuɗin makarantar ba.

Na gane kana so ka wanke ni ne, in zo in ɗauki Baba a motar da na kashe masa. Allah ya yi maka albarka. Sai dai ba zan zo bana ba. Takardun zamana a ƙasar nan suna hannun ofis wata na bakwai ke nan, kullum a ce in dawo wani satin, kuma in na fita ba su fito ba, babu hanyar komowa. Na san masu cewa na manta gida za su samu abin faɗa, su faɗa, ni ma na yi alkawari sau uku ban cika ba. Amma injin ba zai jira ni ba, kuma kai ma da kake wanke wa Baba ƙafa ka fi ni sanin ko shi zai jira.

Nauyi motar take nema, kuma ga shi nan zaune a bakin taga. Ka sa masa matashi a kujerar gaba, Inna a baya. Ku fara da gajerun tafiye-tafiye da hantsi. Kada ka tsaya a gudu ɗaya: ka taka a hankali ta ja, ka saki ta sauko da kanta, ka sake takawa. In kun zo hawa ka rage giya, kada ka bar ta tana gurnani. Kullum ka zaro sandar mai ka duba kafin ka kunna, idonka kuma kan allurar zafi. In ta ci kilomita ɗari biyar, Dogo ya juye man ya canza filta, ya sake ɗaure notocin kan inji. Za ka ga ɗan ƙyalƙyali a tsohon man kamar an barbaɗa garin azurfa, kada ya firgita ka, ƙarfe ne yake sabawa da ɗan'uwansa. Bayan sati ɗaya ku kama hanyar Gwaggo, ku riƙa tsayawa ana shan iska.

Jiya na fita gwada motar wani, a hankali, ta wata doguwar hanya mai bishiyoyi, sai na ga tafiyar taku tamkar ina ciki. Baba ya ɗora gwiwar hannu a taga, iska tana kaɗa masa hannun riga, ya karkata kai yana sauraron injin ba surutun Inna ba. Kun haye gada ba abin da ya faru. Gwaggo ta ji ƙarar tun daga nesa ta gane ta, ta fito ba takalmi. Sai da na baya ya danna mini oda na dawo hayyacina.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce man zafin da ta aiko yana aiki. Ka gaida matarka da 'Yar Baba da tagwaye, da Yaya Babba da mijinta, da Gwaggo in kun isa, da Dogo ko da zai yi mamaki.

Mai fentin da muke ɗaki ɗaya shi zai kawo maka takardar nan, tare da wani ɗan ƙunshi. Katakon ne. Shekara goma sha bakwai yana akwatin kayan aikina, ya yi baƙi da mai, amma bai tsage ba. Ka nemi sabuwar waya, a ɗaure shi tamau kada ya gangara ƙarƙashin birki. Amma kafin nan ka kai wa Baba, ka sa masa a tafin hannu, ka ce na ce yana aljihuna ranar. In yana da ƙarfin sunkuyawa, ka bar shi ya ɗaure da kansa.

Naka har kullum,
Yayanka.