Bargon Ganyen Gwaiba Ya Tafi Baje Koli

Auta,

Na leƙa na ga kina barcin gajiyar asibiti, ban so in tashe ki ba.

Jiya da la'asar matar nan ta gidan baje kolin zane ta zo ganin bargon bangon da na ɗinka. Ta daɗe a gabansa tana dubawa. Ganyen gwaibar da na buga a jikinsa har shafa su ta yi, wai ta ɗauka na gaske ne. Da ta iso kan hoton tsuntsun da kika ɗauka ta tagar kicin, wanda muka sa aka buga a farin yadi, sai ta ce, "Mama, wa ya ɗauki wannan?" Na ce 'yata ce, da wayarta kuma. A bakin ƙofa za su rataye shi, da sunanki da nawa.

Mun tafi kai shi. Akwai ƙyallen da na shafa wa maganin buga zane da hasken rana na shimfiɗa a tsakar gida, ganye a kai, gilashi ya danne. Rana na yin tsaka ki kwashe su, ki ɗauraye shi da ruwan sanyi har ya koma shuɗi. Kar ki matse.

Babanki da yake ce wa aikina tarin tsumma, yau shi ya naɗe bargon da kansa, ya hana direba taɓawa. Wai a cinyarsa zai riƙe shi har can.

Mamanki