Mun Rasa Shugaban da Ba Ya Aiken Ɗa Sai Uwa Ta Yarda

Cikin alhinin da ya zaunar da kowaccenmu a inda labarin ya same ta, Ƙungiyar Iyaye Mata ta Ɗaliban Kwalejin Horar da Masu Bishara ta karɓi labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, Mai Girma Rabaran Dakta, Shugaban Kwaleji, Dattijo a Majalisar Ikilisiya, tsohon mai bishara na ƙauyukan ƙetaren kogi, wanda babba da yaro suka fi sani da Baba Bakin Ƙofa. Ubangiji ya kira shi gida da safiyar Litinin yana zaune a kujerar ofishinsa, tabarau a kan hanci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya kuma a hannu, yana shirin fita ziyara kamar yadda ya saba.

A madadin shugabar ƙungiya da dukan iyaye mata, muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwarmu, Mama Uwargidan Shugaba, da 'ya'ya da jikoki, da Mai Girma Mataimakin Shugaba, da Hukumar Gudanarwa, da malamai da ɗalibai, da masu gadi da masu girki waɗanda ya san su ɗaya bayan ɗaya, har ya san ciwon ƙafar kowa.

Marigayi ya fara aikin bishara yana saurayi, da jakar magani a kafaɗa da Littafi Mai Tsarki a ƙunshe cikin leda saboda ruwa, a wuraren da hanya take yankewa da zarar damina ta kankama. Ya yi wa'azi, ya wanke gyambo, ya koya wa yara karatu a kan allon da ya fenta da hannunsa. A can ne ya koyi darasin da ya riƙe har ƙarshen ransa, kuma shi da kansa yake ba da labarin yana dariya har da hawaye. Ya taɓa ɗaukar wani matashi su yi aiki tare ba tare da ya tambayi mahaifiyar yaron ba. Ana tsakiyar sujada, matashin yana kan wa'azi, sai ga tsohuwa ta shigo da laka har gwiwa, ta kama ɗanta a wuyan hannu, ta ce wa jama'a, “Ku yi haƙuri, wannan fasto nawa ne, ban gama da shi ba.” Ta ja shi suka fita, aka bar Baba da ragowar wa'azin da bai shirya ba.

Shi ya sa da Majalisar Ikilisiya ta ɗora masa shugabancin wannan kwaleji, bayan ya ƙara karatu har ya kai matsayin Dakta, doka ta farko da ya kafa ita ce ba za a aiki ɗalibi ko ɗaliba wurin aiki ba sai uwa, ko wadda ta tsaya a matsayin uwa, ta ce ta yarda da bakinta. Bai taɓa tura masinja ba. Da ƙafarsa yake zuwa, ya ƙi kujerar da aka goge masa, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya miƙe dogayen ƙafafunsa, ta yadda matar gidan ba ta da hanyar zamewa ta ce za ta duba tukunya. Daga nan sunansa ya samo asali. Ya gina ɗakunan karatu, ya buɗe sashen koyon aikin jinya, ya yaye masu bishara da ba mu san iyakarsu ba, amma mu iyaye mata abin da ba za mu manta ba shi ne ajin da ya buɗe mana a barandar ɗakin cin abinci, inda Mama ta riƙe hannuwanmu masu kanta ta koya mana riƙe fensir bayan furfura ta fara fito mana. Yakan leƙo ya ce, “'Yan makarantata, ba zan kai 'ya'yanku nesa ba, su rubuto muku, ku kai wa maƙwabci ya karanta muku rabi ya haɗiye rabi.” Wadda take rubuta wannan saƙo a wannan baranda ta fara sanin baƙi, kuma sai da ta cinye gindin fensir da yawa kafin rubutun ya zauna mata.

Ya zama dole mu sanar da jama'a halin da rasuwar ta bar mu a ciki, domin ranar Asabar mai zuwa ce ranar da aka tsayar don ɗora wa ɗaliban bana hannu a aike su. Mai Girma Mataimakin Shugaba ya tara mu a ɗakin taro ya ce Hukuma ba za ta ɗage ranar ba, kuma ba za ta karya dokar Baba ba tun ba a binne shi ba: duk wanda uwarsa ba ta amsa ba, ba zai hau mota ba, za a ba wani wurinsa. Da aka duba, iyaye duk sun amsa, saura mace ɗaya. Ba zan ɓoye wa jama'a ba, ni ce, kuma gidana Baba yake shirin zuwa da ya ɗauki takalmin nan.

'Yata Auta ta gama sashen jinya da na bishara, an ba ta ƙauyen ƙetaren kogi inda Baba ya fara aiki. Ita kaɗai ta rage mini a gida. Yarinya ce da ko mura ta kama ta sai ta kwantar da ita, ga mantuwa, ko laima ba ta taɓa dawowa da ita gida ba. Na ji an ce waya ba ta shiga can sai an hau tudu. Duk zuwan da Baba ya yi, tambayoyi nake jera masa: wane ruwa za ta sha, ƙofar ɗakin tana da sakata, wa zai kai ta asibiti in mai jinyar ce ta kwanta? Bai taɓa ce mini babu haɗari ba. Yakan ce, “Uwar Auta, akwai maciji, akwai zazzaɓi, ni ma sun gaishe ni. Ki yi tunani, zan dawo.” Tun ranar Litinin Auta ba ta roƙe ni ba, ba ta yi fushi ba, ta dai ɗaure jakarta ta tura ƙarƙashin gado, kullum da safe tana share ɗaki tana zagaye ta.

To, ga abin da ya faru jiya da rana a gidan Marigayi, wanda muke ganin ya kamata duk ikilisiya ta ji! Muna zaune da Mama a tsakar gida, sai muka ji waƙa daga bakin titi. Babbar motar kaya ce ta tsaya, cike da mutanen ƙetaren kogi, tsofaffi da masu goyo, sun sauko ƙafafu sun kumbura da zama, amma suna tafi suna raira waƙar da Baba ya koya wa kakanninsu. Gidan makoki ya koma kamar ranar baftisma. Mama da ba ta iya tashi ba tun safe, sai ga ta a tsaye tana share hawaye tana amsa musu. Da suka gama gaisuwa, wata gajeriyar tsohuwa mai murya kamar ƙararrawa, wadda ita ce take karɓar haihuwa a can tun kafin idonta ya fara dushewa, ta dubi taron mata ta ce, “Baba ya ce yana kawo mana yarinya mai allura. Wace ce uwarta a cikinku?” Matan ƙungiya, Allah ya shirye su, duk suka nuna ni da baki.

Tsohuwar ta zo ta riƙe hannuwana biyu. Ni kuwa ban san lokacin da na fara jera mata tambayoyina ba, ita kuma tana amsawa ba ta gajiya. Ɗakin da za a ba Auta yana jikin nata, bango ɗaya ya raba su. Sakata biyu aka sa, mijin 'yarta kafinta ne. Ruwan sha ana tafasa shi tun zamanin Baba. Na ce yarinyar ba ta cin abinci in ba a tsaya a kanta ba. Ta ce, “Ke dai ƙanwata, ki aiko da zane mai faɗi, wanda ta tafi da shi ba zai zagaye ta ba in ta dawo.” Mata suka fashe da dariya. Sannan ta rage murya ta ce mini a daminar bara mata biyu sun rasu a hannunta wajen haihuwa, ɗaya jikarta ce, tana jin abin da yake faruwa a tafin hannunta amma ba ta da ilimin da za ta tsayar da jinin. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta saki hannuna ta koma wurin zamanta.

Saboda haka ƙungiya ta zauna a nan take, a kan tabarmin makoki, ta yanke shawara da murya ɗaya, kuma muna farin cikin sanar da Hukumar Gudanarwa: daga bana mu iyaye mata mun ɗauki ziyarar da Baba yake yi. Za mu riƙa zuwa bibbiyu gidan kowace uwa, mu faɗa mata gaskiya yadda yake faɗa, mu saurari tsoronta har ta gama, domin mun san irinsa. Ranar Asabar kuma muna gayyatar kowa da kowa ya zo da wuri, za mu cika majami'a, mu raka 'ya'yanmu har bakin mota da waƙa.

Muna addu'a Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe Mama, ya ƙarfafa 'ya'ya da jikoki, ya ba Mai Girma Mataimakin Shugaba da Hukuma hikimar riƙe abin da aka bar musu, ya ba mu duka ƙarfin jure wannan babban rashi, har ranar da za mu sadu da bawansa a gaban Ubangijinmu Yesu.

Abu ɗaya ya rage. Doka ta ce da baki za a amsa, kuma zan tsaya ranar Asabar in faɗa, amma na san halina, in na ga jama'a murya tana iya guje mini, shi ya sa nake rubutawa tun yanzu yadda ba zan iya janyewa ba. Tsoron bai tafi ba, kuma ban ga alamar zai tafi ba. Duk da haka, ya Mai Girma Mataimakin Shugaba, kada a ba kowa wurin 'yata. Auta, jawo jakarki daga ƙarƙashin gado. Na yarda, ki tafi.

Sa hannu,
Uwar Auta,
Kakakin Ƙungiyar Iyaye Mata ta Ɗaliban Kwalejin Horar da Masu Bishara