Abin Da Ya Tokare Ƙofar Ɗakin Gashi

Anti,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Autarki ce ta sashen masu ciwon daji, wadda kika koya wa aiki. Ranar Litinin za a rushe tsohon gininmu, har an yi magana da masu sayen ƙarafa. Mun ƙirga alluran radiyam, sinadarin nan mai tururi mai kisa, da muke gasa ƙari da su, sha ɗaya muka samu, alhali sha biyu kika damƙa mini. In masu ƙarafa suka ɗauki ɗayar suka fasa, mutane za su mutu ba su san dalili ba. Don Allah ki tuno. Hankalina ya tashi.

Taki,
Auta

Auta,

Ina amsawa. Innalillahi! Ni da kuke kira Sarauniyar Ƙirga, yau ni ce da abin kunya. Sha ɗaya na ba ki, bakina ne ya saba da sha biyu. Ɗaya ta lanƙwashe tun kafin ki zo, muka rufe ta a tukunyar dalma, za a zo a karɓa, ba a zo ba. Kin tuna ƙofar ɗakin gashin ƙari mai bugawa har marasa lafiya su zabura? Marigayi Dogo, masinjanmu, ya tokare ta da tukunyar, wai na kwana biyu. Duk shekara masu fenti sai su shafe ta da koren bango, har muka manta mece ce. A kanta kike zama shan shayi da tsohon cikinki, ina miki tsiyar kin cinye mana sukari. Kar kowa ya buɗe ta. Ki je da na'urar awon tururin radiyam. Yarinyar nan da kika haifa daga wancan cikin, lafiyarta ƙalau? Gaya mini gaskiya.

Antinki

Anti,

Barka da hutawa. Tukunyar tana nan, fenti ya liƙe murfin gam. Na'urar da ƙyar ta motsa, dalmar ta riƙe amana. Hukuma ta ɗauke ta jiya. Jikarki garau take, bana za ta gama karatun jinya. Da suka tafi na tsaya a ɗakin ni kaɗai, ba ke, ba Dogo, na yi kuka. Ƙofar sai bugawa take.

Auta

Auta,

Alhamdulillahi, yau na iya cin abinci. Ki bar ta ta buga. Da mun bar ta tun farko.

Antinki