Likkafanin Salihu Tela

Hindawiyya, Jidda
3 ga Muharram, 1388

Zuwa ga ƙanena Na'ibi, kukun jirgin ruwan alhazai,

Bayan sallama da fatan ka tashi lafiya. Ɗana Usuman zai miƙa maka wannan takarda da ƙunshi guda a bakin mina, tashar jiragen ruwa, kafin ku ɗaga. Ka zauna ka karanta, kada ka karanta kana juya miya.

Hajiya Zaituna, mutuniyar ƙasar Siyam da ta sauka a gidana bana, Allah ya yi mata rasuwa shekaranjiya. Ciwo ya kwantar da ita bayan Arfa, 'yan ƙasarsu suka bi jirgin farko, suka bar mini ita a kan in ta warke ta biyo baya. Likkafani biyu ta tsoma a Zamzam ta shanya. Ɗaya ni na sa ta a ciki da hannuna. Ɗayan na mijinta ne, Salihu tela, tsoho ne, bai samu zuwa ba. Ta riƙe yatsana ta ce in kai masa, na ce to. Har yau bai san ta tafi ba.

Tunda jirginku zai tsaya a Fuket, kai ne ƙafata. Ta ce gidan yana cikin tsohon gari, ƙofa shuɗiya, da kejin kurciya a rataye. Ka sa ƙunshin a hannunsa, ka gaya masa da bakinka.

Wallahi da ina da wani da ba kai zan aika ba. Ban manta ranar da na aike ka unguwar Sa'alaba da ragon suna ka dawo mini da igiya ba. Kada ya jiƙe, kada ka yi matashin kai da shi. Yalla, Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka,
Mastura

Fuket, ƙasar Siyam
28 ga Muharram

Zuwa ga Yaya Mastura mai daraja,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da tambayar lafiyar su Zakiya. Maganar rago shekara goma sha tara ke nan, kuma igiyar ba ni na ɗaura ba.

Injinmu ya mutu, ana jiran ƙarfe daga Singafo, don haka lokaci ya samu. Na sa ƙunshin cikin buhun fulawa saboda ruwan sama, kullum da hantsi nake shiga gari da shi a hammata.

Yaya, garin nan kyakkyawa ne, amma mutanensa ba su san sallama ba. Gidajen benaye ne sirara, manne da juna, wani ruwan ƙwai, wani kore, da tagogin katako masu tuna mini tagogin roshan na Balad, tsohon garinmu na Jidda. Kowane gida yana da ɗan zaure a gaba mai ginshiƙai, a buɗe hagu da dama, zauren wannan ya shiga na wancan har ƙarshen layi. Sai ka ga ƙato ya ratsa zaure ashirin da takalminsa, bai ce wa kowa uffan ba. Ni ba haka aka rene ni ba. Ina tuɓe takalmi, in yi sallama, in jira. Ranar farko daga hantsi zuwa la'asar gida goma sha ɗaya na wuce. Wani mai sayar da magungunan Sin ya ɗauka waƙa nake yi, ya miƙo mini lemo.

Yanzu tsakiyar titi nake bi, cikin rana, masu keke suna zagina da yarensu. Ƙofa shuɗiya na ƙirga goma sha huɗu. Kurciya kuwa kusan kowane gida da tasa. A wani shago na ɗan buɗe bakin ƙunshin na nuna farin yadin don su gane, matar ta yi ihu ta kore ni da tsintsiya. Ashe su ma sun san na mene ne.

Ƙofa guda ta kwanta mini a rai, akwai keken ɗinki a ciki. Na yi sallama sau uku daga titi, ba a amsa ba, na juya kamar yadda aka koya mana. Sau biyar ina komawa, kurciya kaɗai ke kallona.

Mutum ɗaya ne mai hankali a garin nan, wani dattijo da ke zama a bakin mina da lemarsa yana kallon teku. Shi yana amsa sallama har da wabarakatuhu, kuma kullum sai ya ba ni soyayyar ayaba.

Kada ki ce in tambayi hanya. Wanda ya girma a lungunan Balad ba ya ɓata a garin da titinsa bai fi bakwai ba.

Ƙanenki mai biyayya,
Na'ibi

Hindawiyya
10 ga Safar

Na'ibi,

Wa alaikassalam. 'Yata Zakiya ta karanta mini takardarka, ta yi dariya har ta ƙware. Ni ban yi ba.

Ya majnun, wannan ba zaure ba ne, hanya ce! Hajiya Zaituna ta sha ba ni labari, rumfa ce aka yi wa masu tafiya a ƙasa don rana da ruwa. In ka shiga rumfar kasuwar Balad, wa kake yi wa sallama? Ka sa takalminka ka wuce kamar mutane. Kuma wa ya ce ka buɗe likkafani a shagon mutane?

Ka ajiye girman kan nan ka tafi masallacinsu ranar Juma'a. Ba a rasa wanda ya yi karatu a Makka yana jin Larabci. Ka ce Salihu tela, halas, shi ke nan.

Ba na iya barci sosai, ya akhi. Tabarmar da ta kwanta a kai tana nan ƙarƙashin taga, na kasa naɗewa. In jirgin nan ya taso da ƙunshin a hammatarka, ka wuce unguwar Nuzla wajen abokanka, kada ka biyo ta ƙofata.

Yayarka,
Mastura

Fuket
24 ga Safar

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na tafi masallacin, da takalmina, ta cikin zaurukan mutane, ina neman gafara a zuci. Limamin ya zauna a Makka shekara shida, har ya tambaye ni ko ana sayar da dafaffen waken ful a kasuwar Bab Makka har yanzu. Da na ce Salihu tela, ya ce ai gidan mai keken ɗinkin ne, amma ba a samunsa da rana. Tun da alhazai suka fara dawowa ya rufe shago. Kullum yana bakin mina da lemarsa, yana jiran jirgin da zai kawo matarsa.

Yaya, wata guda ina cin ayabar mutumin nan da likkafaninsa a hammatata.

Kwana biyu na kasa. Ina zuwa in zauna kusa da shi, ya ba ni ayaba, in karɓa, in koma jirgi da ƙunshin. A na uku na roƙi liman ya raka ni don ya fassara. Ban kai ga buɗe baki ba. Ina zare buhun fulawar tsohon ya ga zanen da ta naɗe ƙunshin da shi, mai furanni ja. Ya juya bakin zanen yana shafa ɗinkin da yatsa, liman ya ce wai shi Salihun ne ya kalmashe mata shi kafin ta tafi. Tsohon ya naɗe lemarsa. Ya tambaya ko wa ya yi mata wanka, na ce yayata. Ya tambaya ko ta sha wuya, na ce da yatsanki a hannunta ta cika. Na yi kuka fiye da shi, har shi ya koma rarrashina.

Ya kai ni gidan, ya ja ni ciki ban ko yi sallama ba. Ya sauke kejin ya miƙo mini. Kurciyar tata ce, tun da ta tafi ba ta yi kuka ba. Ya ce a kai ta garin da uwargijiyarta take, a ba matar da ta yi mata wanka.

Nan da sati biyu za mu taso, mu tsaya a Kolombo. Kejin yana rataye a kicin, sama da tukunyar shinkafa.

Ƙanenki,
Na'ibi

Hindawiyya
6 ga Rabi'ul Awwal
A ajiye masa a Kolombo

Ƙanena,

Allah ya yi maka albarka. Ka ɗauke kurciyar daga kan tukunya yanzun nan, kuma kada ka buɗe kejin don ka ga ko tana tashi. Na naɗe tabarmar, na sa Usuman ya kafa ƙusa a saman tagar.

Ni da kaina zan zo mina. Maganar rago kuma na bar ta.

Yayarka,
Mastura