Kafaɗar Hagu ta Sulaiman

Al Qusais, Dubai
Yuli, 2021

Zuwa ga Gwaggo Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baba Malam da duk mutanen gida a Tudun Wada. Yaya gwiwar nan taki? Na ji damina ta sake tayar da ita, kuma kin ajiye maganin da na aiko kin koma ga man kaɗanya. Allah ya ƙara sauƙi, ya ja kwananki. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya hana kowa leƙa waje. Maigidana Abdulhakeem yana gaishe ki. 'Yata Nana Firdausi ta fara makaranta, har tana gyara wa uwarta Larabci a gaban mai taksi.

Gwaggo, na zaɓi rubutu ne don a waya kina gane inda muryata take karkacewa. Maganar ƙanena Sulaiman ce. Kin tuna lokacin da ya ce zai nemi zama hafsa kafin shekarunsa su wuce ƙa'ida, yana saje mai igiya uku da digirin da ya yi tsakanin wannan daji da wancan. Ni a lokacin na samo masa aikin shugaban masu gadi a wata ma'ajiyar kaya a Al Warsan, sai na zauna na yi masa lacca. Na ce horon wata tara ne, watannin farko ko waya ba za a bar masa ba. Na ce matarsa Barira tana da ciki ga yara biyu, kuma albashin laftanar bai kai na mai buɗe ƙofa a kasuwar 'yan China ta nan ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi godiya, ya tafi makarantar hafsoshi ta Kaduna abinsa. Duk abin da na faɗa kuwa ya faru. Barira ta haihu yana can, ke kika riƙe ta, labarin suna ma a bakin wani malaminsu ya ji. Na yi ta jiran daɗin da mai gaskiya yake ji, bai zo ba.

Da aka fara ba su waya ranakun Lahadi, ya kira ni. Ya ce ranar yaye su, bayan fareti, ana kiran mutum biyu daga dangin kowa su liƙa masa anini a kafaɗa. Dama ta Barira ce. Hagu, ya ce, tawa ce, tunda ni na tsaya masa a madadin Inna da Baba bayan rasuwarsu. Na ce masa an dakatar da jirage tsakanin nan da Najeriya, babu hanyar zuwa. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Gaskiya na faɗa masa, amma rabinta, kuma ni na zaɓi rabin da zan faɗa.

Ranar Lahadin da ta wuce muna magana ta bidiyo, ni da shi da Barira, sai maƙwabciyata Aïchatou ta shigo ba ta ko jira amsar sallama ba. 'Yar Maraɗi ce, abaya take saye tana kaiwa gida. Ta dire min ƙullin kilishi da daddawa, ta leƙa wayar, ta gaishe da Barira, ta yi wa Sulaiman kirarin soja. Sannan ta ce ai watan jiya tana Kantin Kwari. Barira ta tambaye ta ta ina ta bi. Baiwar Allah ta zayyana musu komai da zuciya ɗaya: jirgi zuwa Yamai, mota zuwa Maraɗi, a ƙetara ta Jibiya, a dawowa a yi mako biyu a Yamai kafin a bari mutum ya shigo Dubai. Har ta ce ai ta faɗa min tun tuni, ta ma ba ni lambar direba. Ina riƙe da wayar ina murmushi, fuskata tana ƙasan allon ina kallonta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Sulaiman bai yi fushi ba, da ya yi da na samu abin riƙewa. Ya ce ya gane, su ma abu na farko da aka koya musu shi ne ba a barin wurin aiki. Na yi ta juya maganar ko baƙa ce, amma kin san shi, bai iya ba. Duk baƙar maganar gidanmu ni na kwashe.

Ga sauran rabin. Na je wajen shugabar asibitin da nake ba da magani, na nemi hutun da zai ishi wannan zagaye. Ta ce in na tafi ba za ta riƙe min gurbi ba, takardun masu nema sun cika tebur. Tun da korona ta rage wa kamfanin su Abdulhakeem aiki, bizar Nana a kan aikina take. Shi Abdulhakeem ya ce in tafi, Allah ba zai hana mu ci ba. Ni ce na duba na ce a'a. Ba zan zo ba, Gwaggo. Wadda ta yi wa Sulaiman lacca a kan albashi ta sake zaɓar albashi, wannan karon nata. Wataƙila ma zaɓin daidai ne, amma da na faɗa masa haka tun farko da bakina, da ba mai sayar da abaya ce za ta faɗa a madadina ba.

Roƙona biyu ne. Ki je Kaduna ki tsaya a hagunsa. Na san tsayuwa tana ba ki wuya, na roƙi ɗanki Ɗalhatu ya kai ki a mota ya nema miki kujera kusa. Ke kika zauna da Barira wata taran nan, kafaɗar ta fi dacewa da ke. Na biyu, in dangi suka tambaya ina Wasila, kada ki rufa min asiri da zancen jirgi. Ki ce akwai hanya, ban bi ba.

Ki gaishe min da Baba Malam, da Jummai da yaranta, da Rabi, da Ɗalhatu. Ki gaishe da Barira gaisuwa ta musamman, ki shafa min kan jaririya Muhsinat. Sulaiman ban sa shi cikin jerin ba. Shi zan kira shi da kaina ranar Lahadi in an ba su waya, in kuma ya ɗauka.

'Yarki mai neman albarkarki,
Wasila