Ɗakin da Ba Shi da Igiya

Zuwa ga ƙanwata, Autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara masa buɗi, ke kuma ya yaye miki ciwon kan nan da kike fama da shi. Mu nan lafiya lau muke, in ban da gwiwata da ta zama mai shelar hadari, tun girgije bai haɗu ba take sanar da ni. Yayanmu yana nan da tsohuwar motarsa, kwana biyu a hanya, kwana uku a wurin makanike, har na rasa wanda ya fi wani gajiya tsakaninsu. Matarsa ta samu sauƙin ƙafar. Shagona na gwanjo kuwa yana tafiya a hankali, ba yabo ba fallasa.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. Kin san halina, in na ɗauki waya ko dai na yi faɗa ko na yi kuka, maganar nan kuwa ba ta son ko ɗaya.

Magajiya ce ba lafiya, wadda ta riƙe mu a gidan bayan tasha, inda na yi shekarun zaman kaina. Ba zan yi miki kwana-kwana ba, ke kin san abin da na yi a gidan, kin kuma ci abincinsa. Tana kwance a asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ma sai an kasa kunne. Likita ya ce sun yi iyakar nasu, za su sallame ta, sauran jinya ta gida ce. To gidan ne babu.

Kwanakin nan ba abin da nake tunawa sai gidan can. Dogon tsakar gida, ɗakuna a jere, famfo ɗaya da muke faɗa a kansa kowace safiya, da Doguwa tana wanki tana waƙa da muryar da ke korar kaji. Da hantsi a baje tabarma a gindin katanga, wannan na yi wa wannan kitso, shayi na zagayawa a kofi biyu, ana kwaikwayon tafiyar mazan jiya har sai cikin mutum ya ƙulle. Mutanen unguwa in sun zo wucewa sai su kau da kai, a zatonsu kuka muke kwana yi a ciki. Kukan akwai shi, ba zan yi ƙarya ba, amma ban ƙara yin dariya irin ta gidan nan ba.

Kin tuna igiyoyin? Kowane ɗaki akwai igiya a gefen gado, daidai inda hannu zai kai. Ta hau bango, ta bi ta ƙarƙashin kwano, ta ratsa ɗakuna har ɗakin Magajiya da ke ƙarshe. A can, bisa kan gadonta, ƙusoshi ne a jere, kowace igiya da abin da aka rataya mata. Ta Doguwa cokula, ta 'Yar Fara tsofaffin makullai, tawa gwangwanin madara da tsakuwa a ciki. Magajiya ta ce ta zaɓa mini shi ne don ya fi kowanne surutu, kamar mai shi, da ma Mai Tsiwa take kira na. Ko tana barci ta ji ƙara, ta san ɗakin wa za ta nufa.

Dokar igiya ɗaya ce: wadda ta ja, ba a tambayar ta dalili. Kowa ya taso da abin da ke hannunsa. Na ja tawa wata rana da tsakar rana, da wani ƙato ya ga tunda ya biya, sai abin da ya ga dama. Na ce masa a'a, ya shaƙe ni. Ban san lokacin da hannuna ya kai bango ba. Kafin ya ankara ƙofa ta buɗe, ga Magajiya da ɗankwali a hannu, ga Doguwa da bokiti, ga 'Yar Fara da kitso rabi a tsefe tana riƙe da murfin tukunya, har yau ban san me ta yi niyyar yi da shi ba. Magajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki kuɗinsa ta sa masa a aljihu, ta ce: "Lokacinta ka saya, ba ita ba. Ta ce a'a, magana ta ƙare."

Haka take a ko'ina. Ita ke tasa mu gaba zuwa asibiti a duba mu, in ma'aikaciya ta yatsina fuska ta ce mata jininmu ma ja ne, ta ɗiba ta gani. Kwandon kwaroron roba yana bakin ƙofarta, wanda ya ƙi sawa ga hanya nan. Ranar da wani ya doki Doguwa har ya cire mata haƙori, ta kwashe mu duka zuwa wurin 'yan sanda. Na kan teburin ya yi dariya, wai yaushe karuwa ta fara kawo ƙara. Sai ta shimfiɗa gyalenta a kan benci, ta ce mu zauna, ai ba mu da sauri. Muna nan zaune muna ta hira kamar a gidanmu, har ya gaji ya ɗauko biro. An kama mutumin kuwa. Doguwa ba ta sa wani haƙorin ba, amma ta daɗe tana nuna gurbin da alfahari.

Ke ma kin ja igiyar nan, Auta. Lokacin da mijinki na fari ya sake ki da tsohon ciki, kika ji kunyar komawa gaban Inna, kika zo wurina kina toshe hanci. Kwana nawa kika yi ba ki gaishe da kowa ba? Na tafi kasuwa da rana naƙuda ta kama ki ke kaɗai a ɗakina. Ke da kika rantse ba za ki taɓa wannan igiyar ƙazanta ba, sai da kika kusa tsinke ta. Na dawo na tarar da ɗaki cike da mata, 'Yar Fara tana kuka fiye da ke, Magajiya kuma ta yanke cibi, ta naɗe jaririya a zaninta mafi tsada. Doguwa ta ce a riƙa kiran ta 'Yar Kowa, kika buɗe ido da ƙyar kika ce a gidan nan dai wannan suna bai dace ba. Ranar muka san kina da baki. Aka koma 'Yar Gida, ga shi ya bi ta har ɗakin mijinta.

Kina kuma nan ranar da Inna ta zo ɗaukar ki. Ta tsaya a ƙofar Magajiya fuska a ɗaure, an ba ta kujera ta ƙi, an ba ta ruwa ta ƙi. Ana cikin haka makullai suka yi ƙara, Magajiya ta bar maganarta a tsakiya ta fita da gudu ba takalmi. Inna ta ɗaga kai tana kallon ƙusoshin, ta tambaye ki mene ne wannan, kika gaya mata. Sai ta nuna gwangwanin ta ce wannan fa na waye, kika ce mata nawa ne. Ta daɗe tana kallon sa. Da Magajiya ta dawo tana haki, ta tarar da Inna zaune a kujerar, ta kuma shanye ruwan. Inna ba ta taɓa yarda da sana'ata ba har ta koma ga Allah, amma ban ƙara jin ta zagi matar nan ba.

Yanzu an sayar da gidan, za a rushe a yi shaguna. Matan sun daɗe da watsewa. Doguwa ta rasu, Allah ya jiƙan ta, 'Yar Fara ta koma wurin ɗanta. Yaran yanzu da waya suke aiki, kowace ta bi wanda ya kira ta zuwa ɗakin da ba wanda ya sani, ina tausaya musu ƙwarai. Magajiya kaɗai ta rage tana cewa gobe za ta tashi. Wata rana da safe ta faɗi a tsakar ɗakinta, ba a gan ta ba sai da la'asar, da leburori suka zo cire kwano. Danginta kuwa na neme su, suka ce a wurinsu ta daɗe da mutuwa.

Da na je kwashe kayanta na zauna a bakin gadon, na ɗaga kai. Duk suna nan, cokulan, makullan, gwangwanina ya yi tsatsa. Na duba gefen gadon, inda hannu zai kai, bango ne kawai. Auta, duk shekarun nan, mu da muke ganin mun fi kowa wayo, ba wadda ta lura ɗaki ɗaya ne a gidan ba shi da igiya. Yini guda ta yi a ƙasa tana kallon namu. Na yi kuka a ɗakin nan har leburori suka fita suka ba ni wuri.

Ina so in kawo ta gida, ɗakin Inna. Yana kusa da banɗaki, ƙofarsa tana da faɗin da keken marasa lafiya zai shiga, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da nawa. Tun rasuwarta yake kulle, ɓeraye ne kawai ke morar sa. Na yi wa Yaya magana, ya yi tsalle ya dire, wai ni an yi haƙuri da ni don jini ne, amma uwar karuwai ba za ta kwanta a gadon uwarsa ba, me zai gaya wa mutanen masallaci. Na ce ya gaya musu mara lafiya ce. Muka yi ta yi har matarsa ta rufe taga. A ƙarshe ya ce gidan namu ne mu uku, a tambaye ki, abin da kika ce shi ke nan. Ya faɗi haka ne don ya tabbata matar aure mai mutunci irinki ba za ta yarda ba. Ban gaya masa a hannun wa 'Yar Gida ta faɗo ba, wannan labarinki ne, ba nawa ba.

Ba zan ce miki in kin ƙi ba komai ba. Da komai, zan ji ciwo, kuma ban san inda zan kai ta ba. Na san kina da miji da surukai da za ki duba, ban raina wannan ba.

Shekaranjiya na tafi mata da gwangwanin asibiti, a zatona zai sa ta murmushi. Tana kwance ido a rufe, na ɗan girgiza shi kusa da gado. Wallahi sai matar nan ta yaye bargo da hannun hagu, tana jan matacciyar ƙafa za ta sauko, da ƙyar ni da ma'aikaciya muka riƙe ta. Ta kama wuyan rigata, bakinta a karkace, ta ce: "Mai Tsiwa, wa ya taɓa ki?"

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau. Ki gaishe da 'Yar Gida da mijinta, ki ce mata wadda ta yanke mata cibi tana tambayar ta. Ina gaida ɗanki Babban Yaya, da 'yan biyu, da ƙaramin nan mai cinye mini katin waya da surutu. Matar Yaya tana gaishe ki, shi ma in ya huce zai gaishe ki.

Na wanke gwangwanin, na buga ƙusa a kan gadona na rataye shi. Igiya ma na saya, sabuwa, na ɗaura baki ɗaya. Ɗaya bakin yana nan a naɗe a ƙofar ɗakin Inna, yana jiran amsarki.

Wassalam.

Taki har kullum,
Yayarki