Harsasan da Baba Ya Ɗura

Dubois, Wyoming
12 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga Yayana Merle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na jirgin kamun kifi. Ya sanyin Alaska? Ya ciwon bayan? Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Shekaranjiya na gwada harsasan da Baba ya ɗura mini na farautar bana. A harbi na uku bindigar ta doke ni a kafaɗa kamar shurin doki, kwanson harsashin ya maƙale a ciki, da ƙyar na zaro shi. Shekara arba'in Baba yana ɗurin harsashi, ba a taɓa jin haka ba. Da na shiga rumfarsa sai na tarar tsohon sikelinsa mai sanda, wanda yake auna albarushi da shi, yana cikin kwali. A gurbinsa wani ɗan ƙarami ne mai batir, irin na arahar nan da ake aikowa ta gidan waya. Na ɗora kwanso ɗaya sau uku, ya ba ni nauyi uku daban-daban. Ashe albarushin da Baba ya zuba ya wuce kima.

Na tambaye shi dalilin canjin, ya ce in fita masa daga kaya. Yaya, zanen awon jikin tsohon sikelin ne ba ya iya gani. Lambobin sabon manya ne. Tun yaushe yake ɓoye mana?

Ga abin da ya hana ni zama: ya raba wa maƙwabta biyar irin harsasan nan. Na karɓo na mutum huɗu. Orval Teague kuwa ya riga ya hau dutse farauta da dawakinsa. Gobe da safe zan bi sawunsa. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Loretta

19 ga Oktoba

Yaya Merle,

Ina gaisuwa, da fatan wasiƙata ta farko ta same ka lafiya.

Sai a kwana na biyu na iske Orval a bakin rafi, harsashin Baba na cikin bindigarsa, bai kai ga harbawa ba. Ya ce, "Loretta, barewar ce ta aiko ki ki ƙwace mini harsashi?" Da na gaya masa, dariyar ta ɗauke. Ya juye mini su a hula, ya ce maganar ba za ta wuce rafin nan ba. 

Ran Alhamis na je shagon kayan farauta a Riverton. Awa biyu ina jujjuya sikeli, na ɗauki wannan na ajiye wancan, har mai shagon ta gaji da ni. Ta ce, "'Yata, tsohon na babanki ya fi duk na kan kantar nan. Ido kawai ya rasa." Duwatsun gwada sikeli na saya, da abin zare kan harsashi.

Kwana uku Baba bai ce mini uffan ba. Yau ya kira ni rumfa. Ya fito da tsohon sikelin daga kwali, ya goge shi, ya miƙe daga kujerarsa ya ce, "Zauna ki karanta mini." Mun warware harsashi sittin, saura ɗari da arba'in.

Likitan ido a Casper ya ba mu huɗu ga Nuwamba. Baba ya ce ba inda za shi. Ni ba zai shiga motata ba, amma kai yana jin kunyarka. Don Allah ka taho.

Taka har kullum,
Loretta